Ƙwarƙwata ta addabi kajina, har mai kwanci ta tashi ta bar ƙwai

Uwargida, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum masu kiwo. Don Allah wanda ya san kan ƙwarƙwatar kaji ya taimaka mani, abin ya fara fin ƙarfina.

Kaji goma sha huɗu gare ni a nan cikin birnin Katsina, duka na Hausa: iyaye tara, ƙanana huɗu da ba su fara ƙwai ba, sai zakara guda. Shekara shida ke nan ina ɗan kiwon, da guda biyu na fara. Ba wani jari ba ne, amma da su nake biyan kuɗin Islamiyyar yara, in baƙo ya yi sallama ba shiri kuma a kama ɗaya a yanka, a fita kunya.

Wajen sati uku ke nan na ga sun sake. Kaza za ta bar tsaba a gabanta ta tsaya tana tsattsagar jikinta da baki kamar mai neman allura. Cikin dare ina jin su daga ɗaki, suna ta karkaɗa fiffike a akurki. Ƙwan da nake kwasar uku ko huɗu a rana ya koma ɗaya, jiya ma ko guda ban samu ba. Da farko na ɗauka sanyin damina ne, don kusan kullum ana ruwa.

Wadda ta tada mani hankali wata mai wake-wake ce, uwar kirki, ba ta taɓa ɓata mani ƙwai ba. Na sa mata guda goma sha ɗaya, ta kwanta lafiya lau, ranar kwana na goma sha biyu sai na tarar da ita a bakin randa a takure, ƙwai sun yi sanyi ƙalau. Na mayar da ita ta fito, na sake mayarwa ta sake fitowa. Da na ɗauke ta sai na ji ba nauyi, ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa, zankonta ya yi fari fat. Na buɗa gashin ƙarƙashin wutsiyarta, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wasu 'yan ƙwari ne masu kalar ƙwayar riɗi, tsawonsu ma kusan haka, suna ta gudu a kan fata suna shigewa cikin gashi. A gindin gashin kuma wani farin abu ya dunƙule, kamar ƙullun da ya bushe a bakin turmi. Na kankara da farce, ya ƙi fita. Na duba sauran, babu wadda ta tsira. Zakaran ma ya fi kowa, shi har gefen idonsa akwai wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo da ba su motsi.

Kar wani ya ce ƙazanta ce. Tun bara da maigidan ya daɓe tsakar gida da siminti, sau biyu nake shara a rana, ranar Asabar har da wanki da omo. Akurkin tsohon madafi ne na jar ƙasa, muka sa mashi ƙyaure da sanda biyu da suke hawa su kwana.

Yanzu shawara ta yi mani yawa. Inna, mahaifiyar maigidan, ta ce in kwaɓa kananzir da man gyaɗa in shafe su. Maƙwabciyata ta ce fiya-fiya. Shi kuwa maigidan cewa ya yi a kwashe su duka a kai kasuwa, wai kafin ƙwarƙwatar ta koma kan yara, don ƙaramar ɗiyarmu kullum tana cikin kajin nan, ga ta da gashi. To ni tambayata: mene ne maganin da ba zai kashe mani kaji ba? Za a iya cin ƙwan bayan an sa? Gaskiya ne tana kama mutane? Kuma ta ina ta shigo mani, shekara shida ban taɓa ganin irin wannan ba?

Mai Zabi, hanyar Jibiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki wahalar da kanki. Maƙwabciyarki ta faɗa maki gaskiya. Ki samu fiya-fiya ki zuba marfi ɗaya a bokitin ruwa, ki fesa a ɗakin da daddare suna ciki, ki ja ƙyaure. Da safe ba za ki ga ko ɗaya mai rai ba. Mu haka muke wa ɗakin zabi.

Gwaggo ta Daura

Jikata ce ke karanto mini, ita ce kuma ke rubutawa, in kun ga kuskure nata ne.

Ɗiyata, sannu da wannan jarabawa. Ni ba a kan ƙwarƙwatar na tsaya ba. Inda kika ce an daɓe tsakar gida da siminti, nan na ce wa yarinyar nan ta dakata ta maimaita mini. To a ina kajin naki suke birgima? Kaza ba ta wanka da ruwa, ƙasa ce sabulunta. Muna yara, ƙarƙashin rumbu da bayan murhu inda ake zubar da toka duk ramuka ne na kaji. Da hantsi sai ki ga sun baje ciki, suna watsa wa kansu ƙura har ba ki gane baƙa da fara, sannan su miƙe su kakkaɓe. Abin da ke kakkaɓo ƙwarin ke nan. Ke kin share, kin wanke, gida ya yi kyau, su kuma kin hana su wanka shekara guda. Ga damina, ko waje suka fita ƙasa a jiƙe take.

Ga abin da nake yi, yau fiye da shekara arba'in. Ki samu tokar itace ko ta kara, wadda ta kwana ta huce sarai, ki tankaɗe da rariya ki fitar da gawayi da ƙusa. Kwano ɗaya na toka, kwano biyu na yashi mai laushi wanda ya bushe. Ki zuba a tsohon baho ko fasasshiyar randa, ki ajiye inda ruwan sama ba ya kaiwa. Ki kula da wannan sosai, kada ta jiƙe. Kin san ruwan tokar da muke tsiyayewa mu sa a miya in babu kanwa, da shi kuma ake sabulun salo. Abin da ke cin mai ya zama sabulu, me kike zato zai yi wa fatar kaza? Kuma ban da tokar bola, wadda aka ƙona leda da tsumma a ciki.

Ita mai kwanci ita ta fi shan wuya, don kwana ashirin da ɗaya take a wuri guda, jiki da ɗumi, ba birgima, ƙwari suna ta biki a kanta. Ni kafin in sa wa kaza ƙwai sai na share wurin, na ƙona ɗan kara a ciki in kasko ne, ya huce, na barbaɗa toka, sannan na shimfiɗa busasshen ganyen bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Kullum da hantsi in ba ta fito da kanta ba, ni nake ɗago ta ta ci ta sha ta yi birgima ta koma. Ranar da ta ƙyanƙyashe kuwa, shimfiɗar da ɓawon ƙwan duka wuta suke shiga, ba bola ba.

Batun kananzir, Innarku ba ta yi ƙarya ba, an yi haka a da. Amma a jikin sanda da tsagar bango muke shafawa, ba a jikin kaza ba. Akwai wata da muka zauna gida ɗaya, Allah ya jiƙanta, ta shafe mai kwancinta da shi tun daga ƙirji har wutsiya. Fatar ta saɓule, ƙwai goma ko ɗaya bai fashe ba.

Shi kuma yaron nan na hanyar Jibiya, Allah ya shirye ka. Ka kulle rai a ɗaki da guba ka ce magani ka yi?

Sai ki tuna, wace baƙuwa ce ta shigo cikinsu kwanan nan? Ni in na sayo kaza a kasuwar Mai'aduwa, ko kyauta aka ba ni wajen biki, a ƙarƙashin kwando take zama a bayan ɗaki sati biyu, sai na bincike ta tsaf kafin ta ga 'yan uwanta.

Uwargida, Ƙofar Marusa

Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Wallahi kin sa na yi shiru. Kafin a yi simintin akwai wani lungu kusa da madafin da suke tonawa, ni ce ma na matsa a daɓe shi don ƙurar tana ɓata mani shanya. Ashe da hannuna na yi.

Baƙo kuwa akwai. Zakaran nan wata biyu ke nan da maigidan ya sayo shi a kasuwar Caranci, bayan namu ya tsufa mun yanka. Da magariba ya shigo da shi a ɗaure, ni kuma ina tsakiyar tuwo, na ce yara su kwance shi su jefa akurki. Ko fiffikensa ban ɗaga ba.

Amma Gwaggo, yadda abin ya yi yawa ɗin nan, toka kaɗai za ta iya?

Malamin Dabbobi, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Gwaggo, barka da war haka, kin riga kin yi rabin aikin. Hajiya, bari in fara da wanda ya fi gaggawa: kar ki fesa fiya-fiya kajin suna ciki, kar ki taɓa jikinsu da shi. Sinadarin da ake haɗa shi da shi, diklobos, ta numfashi da ta fata yake shiga, kuma yadda yake tsinka jijiyar ƙwaro haka yake yi wa kaza da yaron da ya buɗe ƙyauren da safe. Wanda ake ɗurawa a kwalabe a bakin titi ma ba wanda ya san ƙarfinsa. A 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta hana sayar da irinsa na gona barkatai a kasuwanni da kantuna saboda yadda mutane ke cutuwa. Garin neman gira kar a rasa ido.

Ki kwantar wa maigida da hankali. Ƙwarƙwatar kaza daban, ta kan mutum daban. Ta mutum jini take tsotsa. Ta kaza bakin tauna gare ta, gashi da ɓawon fata take ci, wani lokaci ta gwaguyi gindin sabon gashi har ya yi jini. Ba ta iya rayuwa a kan ɗan Adam. In kin ɗauki kaza za ta iya hawa hannunki ta yi yawo, wanka da sabulu ya raba ku. A jikin kaza ake haifarta, a nan take mutuwa, in ta faɗo ƙasa da wuya ta kai sati. Shi ya sa share tsakar gida bai hana ta ba. Daga jiki zuwa jiki take bi, wurin kwana da wurin barbara, zakara kuwa ba wadda ba ya hawa.

Farin abin da kika kankara ya ƙi fita, ƙwanta ne, a manne da gindin gashi. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Hoda tana kashe mai motsi, ba ta kashe ƙwai. Cikin kwana 4 zuwa 7 ƙwan zai ƙyanƙyashe, daga ƙwai zuwa babba mai yin nata ƙwan kuma wajen sati uku ne. Sai mutum ya sa magani sau ɗaya, ya ga kaji sun huta, bayan wata guda ta dawo, ya ce maganin jabu ne. Ba jabu ba ne, bai koma ba ne.

Amsar tambayarki ta ƙarshe: a yadda kika kwatanta, toka kaɗai ba za ta iya ba. Ki je shagon magungunan dabbobi, ba wurin mai talla a baro ba, ki nemi hodar ƙwari ta kaji mai sinadarin fametirin. Ki sa ya nuna maki inda aka rubuta ana sa wa kaji, ya kuma karanta maki ko akwai kwanakin da za a dakata da cin ƙwai da nama, don kowace da ƙa'idarta. Abin da takardar ta ce shi za ki bi.

Da daddare ake yi, lokacin da sun yi laushi ba guje-guje. Mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya sa. A fili, ba cikin ɗaki ba. Ki ɗaura ƙyalle a hanci, ki sa leda a hannu, yara su matsa. Ki zuba hodar a tsohuwar safa ki ɗaure bakin, ki riƙa bubbuga wa a ƙarƙashin wutsiya, ƙarƙashin kowane fiffike, ƙirji da bayan wuya, kina buɗa gashin har ta taɓa fata. Wadda ta tsaya a saman gashi asara ce. Ban da ido, hanci da baki. Duka goma sha huɗun a dare ɗaya, har wadda kike ganin lafiyarta lau. Gashin da ƙwai ya dunƙule a jikinsa sosai ki datse da almakashi ki jefa a wuta. Sai ki ƙirga kwana bakwai zuwa goma ki maimaita daidai yadda kika yi, ko da ba ki ga komai ba. In kina da mussa a gidan ki kulle ta, fametirin yana yi wa kyanwa mugun lahani fiye da sauran dabbobin gida. 'Yan tsaki ƙanana kuma ba a bubbuga masu.

Baƙaƙen ɗigon da ke gefen idon zakara ba ƙwarƙwata ba ne. Wata irin ƙuma ce mai kafa baki a fata ta zauna tana shan jini, a fuska da zanko. Ki shafa masu basilin da kauri, a hankali kar ya shiga ido, kullum har su mutu su zube. Ita ƙwanta a ƙasa yake faɗawa, saboda haka daɓen akurkin yana buƙatar shara da ƙonawa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki gwada, saboda farin zankon mai wake-waken da rashin barcinsu. Mu a gida kusan duk ɗan ƙwaron kaji ƙuma muke ce mashi, alhali iri-iri ne. Akwai wasu ƙanana ƙwarai da ba su zama a jikin kaza. Da rana suna ɓoye a tsagar bango da gindin sanda, da dare su fito su sha jini su koma. Akwai kuma kaskar kaji, falala da ita kamar kuɗin cizo, ɗakin jar ƙasa mai tsaga shi ne gidanta, tana kuma sa masu zazzaɓi. Na farkon suna iya wata da watanni ba su ci ba, kaskar tana wuce shekara. Waɗannan su ne ke cizon mutane, ko da yake su ma ba su tarewa a jikin mutum. Bayan isha ki shiga da fitilar waya, ki goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwanan. In kin ga jan zane-zane na jini, to ɗakin ma sai an yi mashi aiki: a fitar da kaji, a sake sanda, a yaɓe duk wata tsaga, a shafe da farar ƙasa.

Bahon birgimar Gwaggo kuwa ba camfi ba ne. A wata jami'a a Kaliforniya ta Amurka an gwada akwatin birgima na yashi da aka haɗa da abubuwa daban-daban, aka buga sakamakon a 2012. Ƙwarin sun ragu ƙwarai cikin sati guda a jikin kajin da suka shiga, wanda aka sa wa farar wuta kuma shi ya fi daɗewa yana aiki. In kin samu farar wuta ki daka ta yi laushi ki barbaɗa kaɗan a ciki. Bayanin kananzir ɗin ma haka yake: ɓawon ƙwai yana da ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ɗan tsako ke numfashi, mai kowane iri ya toshe su ya mutu.

Na ƙarshe, kar wani ya ba ki maganin ƙumar kare ki ɗiga masu. Da yawansu fifronil ne a ciki, yana kuma bi ya shiga ƙwai. A 2017 sai da aka kwashe miliyoyin ƙwai daga kantuna a Holan, Beljiyam da Jamus saboda an yi feshi da shi a gidajen kaji.

Mai Zabi, hanyar Jibiya

To Malam, na karɓi gyara. Gwaggo a yi mani afuwa. Tunda an zo nan bari in faɗi wanda ban faɗa ba. Bara waccan na yi feshin nan da yamma, ashe hannuna ya yi nauyi. Da asuba na tarar da 'yan zabi goma sha bakwai a miƙe, kazar da ta ƙyanƙyashe su tana ta dalala da karkarwa, ita ma ba ta kai azahar ba. Ni kaina na wuni da ciwon kai da tashin zuciya. Na ɗora wa sanyi laifin, don ba na son a ce ni na yi. Hajiya ki manta da maganata ta farko.

Gwaggo ta Daura

Allah ya mayar maka da alheri, ɗana, ya wuce.

Malam, na gode da ka ce ba camfi ba ne, ko da yake ni ban jira Amurka ba. Abu guda ne ban yarda da kai ba. Kai ka ce a je shago. Mu nan ƙauyukan bayan Daura, wata tsohuwar kazarta uku, kuɗin mota zuwa shagon ya kusa kuɗin kaza. Ita dai toka ce, a shafa da hannu har gindin gashi, yau, jibi, gata, ba fashi, kuma muna ganin sauƙi. Wadda ta bar abu ya kai inda na ɗiyar nan ya kai, ita ce ke neman hodarku.

Uwargida, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, yau kwana ashirin da biyar. Gwaggo, Malam, Allah ya saka da alheri. Mai Zabi kai ma na gode, ba kowa ke iya faɗin irin wannan ba.

Daren da na karanta amsoshinku na shiga da farin ɗankwali na goga a sandunan. Alhamdu lillahi ba jini, sai wani ɗan ja guda biyu a wajen da sandar ta shiga bango. Duk da haka ban yarda da ɗakin ba. Na ciro sandunan na sa a murhun Inna, muka samu sababbi, almajirinmu ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe tsagogin, muka shafe da farar ƙasa. Kwana biyu kajin a ƙarƙashin rumfa suka kwana.

Hodar na samu a shagon magungunan dabbobi, na sa mai shagon ya karanta mani takardar sau biyu. Ni da babban ɗana muka yi, bayan isha, shi yana riƙo ni ina bubbugawa da safar makarantarsa da ta rasa 'yar uwa. Kusan awa ɗaya da rabi ya ɗauke mu. Zakaran ya yage mani hannu da ƙafa, har yanzu da tabon. Mai wake-waken sai da na datse mata gashi ya kai ashirin, bayanta ya koma kamar an fara figa an fasa.

Abin da nake so duk mai karantawa ya ji shi ne na kwana na takwas. Zuwa lokacin sun daina sosa, suna cin dusa kamar ba gobe, dare shiru. Gaskiya na yi niyyar in bar shi haka, ga gajiya, ga hannu da ciwo, ga ruwa ana tsugawa. Sai na ce bari dai in duba ɗaya. Na kama wata ja, na buɗa ƙarƙashin wutsiya da fitilar waya. Ga su nan, 'yan mitsi-mitsi, farare, ba su kai rabin na farko ba, suna ta yawo. Daren muka sake yi wa duka. Na ƙara dubawa a kwana na goma sha shida da na ashirin da uku, ban ga mai motsi ba. Na idon zakara kwana biyar ina shafa basilin kafin suka zube.

Ƙwai goma sha ɗayan nan dai sun tafi, na fasa biyu na ga har an fara halitta, na haƙa rami na binne sauran. Uwar ta fara mayar da jiki, zankon ya soma ja. Ƙwai ya dawo biyu zuwa uku a rana. Inna ta ɗan yi fushi da ban yi na kananzir ba, sai da na ce mata wata dattijuwa ce a Daura ta ce a bango ake shafawa, ta ce ai ita ma abin da take nufi ke nan. Maigidan kuwa har yau bai yarda zakaransa ne ya kawo ba, wai ai lafiyayye ya saya, ya ga yadda yake cara.

Wurin birgima, tsohuwar tayar mota na karɓo wajen mai faci, na shimfiɗa buhu a ƙasa, na cika da yashi da toka. Da yake da gawayi nake girki tokata ba ta isa, mai wainar bakin layinmu ce ke tara mani. Farar wutar ban samu ba tukuna. Ranar farko tsayawa suka yi suna leƙe kamar an kawo masu baƙo. Ja ce ta fara shiga, kafin la'asar sai faɗa, biyar a cikin taya ɗaya. Shanyata ta koma shan ƙura, na dai matsar da igiyar.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Mussar gidan ta gano tayar, ta mai da ita masai, kullum da safe sai na kwashe. Na rufe da faifai ta ture, na ɗora tsohon tire da dutse, to ni kuma in na makara ban buɗe ba kajin ba su samu da hantsi. Gwaggo, ku can ya kuke yi da taku?